Shekarar da Muka Koma Ɗakunan Baya

Abba, Asma'u, Khalifa, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a cikin danginmu, har ta samu wuri ta miƙe ƙafa. Ana cewa karatun likitan da Asma'u ta yi a Masar ne ya fitar da mu daga babban gidanmu na Nassarawa, ya mayar da mu ɗakunan baya inda muke zaune har yau. Na ji an faɗa a wurin suna, na ji a zaman makoki, na ji daga bakin ƙanwata Laure wadda ba ta iya raɗa ba. Ban taɓa cewa haka ne ba, amma kuma ban taɓa buɗe baki na ce ba haka ba ne. Mahaifiyarku ta sha gaya mini cewa shirun nan nawa ya fi ƙarya muni. Kusan shekara goma ina yi mata kunnen uwar shegu. Yanzu na haura saba'in, gwiwa ta fara yi mini gardama a sujada, don haka gara in ajiye maganar a rubuce tun ina iya riƙe biro.

Kun san a Kantin Kwari na girma, a shagon ubangidana marigayi Alhaji Mamman, Allah ya haskaka kabarinsa. A wurinsa na koyi atamfa da shadda, a wurinsa kuma na koyi bashi. A Kwari bashi yana da fuska. Mutum zai ba ka dila goma ba takarda ba shaida, in kasuwa ta yi nauyi ba ka samu cikawa ba, abin da ake so kawai kada ka ɓuya. Ka tashi da sassafe ka je da ƙafarka, ka gaishe shi, ka tambayi iyali, sannan ka ajiye ɗan abin da ka samu a kan tabarma ka ce a rage. Shi kuma zai ce Allah ya hore. In goma ake binka ka kai ɗaya, saura tara, kuma tarar nan za ta kwanta ta yi barci har ranar da ka dawo. A wurinmu jinkiri ba laifi ba ne, ɓuya ce laifi. Da wannan tarbiyya na yi shekara arba'in a kasuwa, na sayi gidan nan, na aurar da ƙanne, ban taɓa jin kunya a gaban kowa ba.

Katin kuwa manajan bankina ne ya kawo mini har shago, wani mutumin kirki da ake kira Malam Bashir. Ya ce kati ne na dala da ake ba manyan abokan hulɗa, in kashe yanzu in biya a ƙarshen wata. Abu na farko da na tambaye shi shi ne kuɗin ruwa, don ni ɗan malamai ne, mahaifina bai taɓa yarda ko a yi zancen riba a zaurensa ba. Ya ce muddin na biya duka kafin wa'adi, ko sisi ba za a ɗora ba. Ya miƙo mini takardu masu ƙananan rubutu kamar an watsa gero. Turancina na kasuwa ne, na cinikin kaya da gaisuwar filin jirgi, sai na sa hannu kawai. Shekaru ina amfani da shi lafiya lau. Da shi nake biyan masauki in na je saro kaya, da shi nake tura kuɗin makarantar Asma'u, wata na ƙarewa in biya tas.

Sai shekarar da dala ta yi tashin gwauron zabi. Ku da kuke manya a lokacin kun tuna. Buhun shinkafa ya ninka, matan da ke fitar da anko uku a biki ɗaya suka koma ɗaya, 'yan sarin da ke cika mini shago suka ɗauke ƙafa. Kayan da na sayar jiya, kuɗinsu ba ya iya sayo rabinsu yau. Masu hankali a layinmu suka rage buri tun da wuri. Ni kuwa na ce iska ce, za ta wuce. Gida bai ji komai ba, domin ban bari ya ji ba. Babban injin wuta yana ta shan gas dare da rana, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki a falon da ba kowa a ciki, ga direba, ga kuku, ga maigadi. Da azumi ya zo na raba buhunan shinkafa da sukari a gidaje talatin da wani abu kamar yadda na saba, da layya na yanka raguna biyar na aika wa dangi uku. Duk inda aka yi biki sai an ji gudummawar Alhaji Garba. Kuɗin da kasuwa ta hana ni, sai in je na'urar banki in zaro da katin nan.

Ga inda na yi wautar da nake so ku gane. Kowane wata saƙo yana shigowa wayata da lambobi biyu, babba da ƙarama. Babbar ita ce duk abin da ake bina, ƙaramar kuma an rubuta cewa ita ce mafi ƙarancin abin da zan iya biya. Watan farko da na kasa biyan babbar, na dubi ƙaramar nan sai na ji sanyi a raina. Na ce ashe mutanen nan sun san ya kamata, su da kansu suna gaya maka abin da za ka ajiye a kan tabarma. Na biya ta, har na ɗora ɗan ƙari don su san ba da matsiyaci suke hulɗa ba. A zuciyata na yi abin da ake yi: ban ɓuya ba, na kai wani abu, saura ya kwanta ya jira ni. Babbar lambar ma na daina kallonta, kamar yadda ba ka tsayawa ƙirga sauran bashi a gaban mai shi. Wata goma sha ɗaya ina haka, ina tafiya masallaci da babbar riga ina jin kaina mai cika alkawari.

Ranar da katin ya ƙi ba ni kuɗi, ban ma damu sosai ba. Na ce lokacin zuwa da ƙafa ya yi. Na zaɓi shadda mai kyau yadi goma, na sa aka naɗe ta, na tafi ofishin Malam Bashir da hantsi. Ya tarbe ni da mutunci, ya sa aka kawo shayi. Muka gaisa, na tambayi yara, na ajiye shaddar a gefen teburinsa, sannan na shigo da maganar yadda ake shigo da ita.

"Malam Bashir, ka ga yadda kasuwa ta zama. Na zo ne a ɗan ɗaga mini ƙafa zuwa bayan Sallah. Ka shaida ban taɓa tsallake wata ba."

Ya dubi naɗin shaddar. Sannan ya juyo da fuskar kwamfutarsa wajena.

"Alhaji, wallahi da ni nake binka da tuni na ce Allah ya hore. Amma ba ni ba ne, na'ura ce, ita kuma ba ta san gaisuwa ba. Duba nan. Abin da kake biya duk wata, kusan duka a kuɗin ruwa yake tafiya. Uwar kuɗin tana nan, har ta haihu."

"Wane ruwa? Ba kai ka ce mini babu ruwa ba?"

"Na ce in ka biya duka, Alhaji. Duka."

Ya nuna mini lambar, ya buga ta da farashin dala na ranar. Na cire hula na ajiye a gwiwa, abin da ban taɓa yi a gaban wani ba sai mahaifina. Nauyin kuɗin ya dake ni, amma abin da ya fi dukana shi ne tunanin cewa shinkafar da mutane suka yi buɗa baki da ita, da ragunan da na yi layya da su, duk da kuɗin da ke haifar riba na saya. Da zan fita ya biyo ni da shaddar har mota, ya ce in yi haƙuri ba zai iya karɓa ba. Ko a yau in na tuna yadda na dawo gida da kyautata a kan cinya sai in ji kunya ta rufe ni.

Kwana uku ina juya maganar kafin na iya gaya wa mahaifiyarku. Bayan la'asar ne, tana zaune a gindin mangwaron bayan gida tana gyaran zogale. Kun san Hajiya Rabi, shekara talatin tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, kuma har yau ba ta yarda ta yi ritaya daga gyara mutane ba. Na yi ta kewaye-kewaye ina zancen dala da gwamnati. Ta bar ni na gama tsaf.

"Alhaji, dala ba ta shigo gidan nan da ƙafarta ba. Kawo mini takardun."

Washegari na karɓo su daga banki, shafi a kan shafi. Ta shimfiɗa su a kan tabarma, ta ɗauko tabarau da jan biron da ta yi shekaru tana sa 'ya'yan mutane kuka da shi. Ta bi layi ɗaya bayan ɗaya tana tambayata wannan na mene ne, wancan fa. Ni da ake tashi tsaye in na shigo layinmu a Kwari, na zauna a gabanta kamar ɗan aji ɗaya da bai yi aikin gida ba. Da ta gama ta zagaye layi biyu kacal, ta tura mini takardar.

"Waɗannan biyun su ne kuɗin makarantar Asma'u. Da su kaɗai ne, ribar shago ta wata biyu ta isa. Sauran duk sunansu ɗaya, kada a ce Alhaji Garba ya gaza."

Can na yi ƙarfin hali na kawo zancen gwala-gwalanta, na ce ko za ta ara mini in sayar, in kasuwa ta buɗe in mayar mata da waɗanda suka fi su.

"Gwal ɗina na 'ya'yana ne. Ba zai biya kuɗin ragon da aka cinye bara ba. Kuma in na ba ka yau, watan gobe injin nan zai sake shan gas, ka sake komawa wurin na'ura. Ba ramin za mu cike ba tukuna, mai haƙar za mu fara karɓe wa shebur."

Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba. Na yi kwana biyu ina amsa mata magana da ka.

Kafin mako ya zagayo dillalai sun ji ƙanshi. Yadda labari ke fita a garin nan Allah kaɗai ya sani. Wani ya zo da wani attajiri da ke son ya sayi gidan ya rushe ya gina rukunin shaguna, kamar yadda aka yi wa gidaje da yawa a unguwar. Kuɗin da ya ambata sun isa in biya bashin, in sayi madaidaicin gida a Hotoro, har a samu canji. Yayana Alhaji Sani ya zo daga Gawuna ya ce in karɓa, in ce wa mutane gidan ne ya yi mana girma tun da yara sun tashi. Zuciyata ta karkata can, domin hanya ce da zan fita da rawanina a kai. Mahaifiyarku ce ta tsaya. Ta ce gidan da aka sayar ba ya dawowa, amma gidan da aka ba haya yana nan. Ta ji ta bakin wata tsohuwar ɗalibarta cewa wani kamfani yana neman ofis a unguwar, kuma suna biyan hayar shekara biyu a dunƙule.

"To mu kuma mu zauna ina?" na tambaye ta.

Ta nuna ɗakunan baya da haɓa, waɗanda muke kira boyis kwata, inda muke jibge tsofaffin katifu da buhunan da ba a raba ba.

"A boyis kwata? Ni? Hajiya, me mutane za su ce?"

"Abin da mutane za su ce ai shi ka yi wata goma sha ɗaya kana saye, ga rasit ɗinsa nan a hannuna. Ka ƙoshi ko a ƙaro?"

Haka aka yi. Na sayar da babbar motar, aka haɗa da kuɗin haya, na je na biya bashin nan har sisin ƙarshe, na ce wa Malam Bashir ya rufe katin a gabana. Na yi istigfari, har yau ina yi. A takardar haya mahaifiyarku ta sa aka rubuta sharuɗɗa uku: za a ja katanga a bar mana ƙaramar ƙofa ta gefe, mangwarorin baya namu ne, kuma kamfanin zai ci gaba da riƙe Malam Isa maigadi, wanda ya zo mana daga Jigawa tun Abba yana rarrafe. Direba ma suka ɗauke shi. Wanda ban samar wa mafita ba shi ne Malam Audu kuku. Shekara ashirin yana dafa mana abinci. Ranar da na sallame shi ya koma ƙauyensu a Katsina, ya riƙe hannuna ya ce in bar shi ya zauna ko ba albashi. Ban iya kallon idonsa ba. Har ya rasu ina aika masa da ɗan abin da ya samu, amma na san girman kaina ne ya raba shi da aikinsa, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake roƙon Allah ya yafe mini.

Ranar tashi, kujerun falon da aka yo mini odarsu daga waje suka ƙi shiga ƙofar ɗakin baya. Aka juya su ta kowace fuska, suka ƙi. Malam Isa yana tsaye yana kallo, ya ce, "Alhaji, su ma ba su saba ba ne." Na yi dariyar da na yi wata da watanni ban yi ba, na ce a kai su gidan Abba. Da azumi ya zagayo na kira dangi ɗaya bayan ɗaya na ce bana babu buhu. Wasu suka yi mini addu'a, wasu suka rage gaisuwa, mutum biyu ko uku har yau sai dai mu haɗu a jana'iza. A masallaci akwai wanda ya riƙa tambayata da ƙarfi ko zafi bai dame mu a can baya ba. Ya dame mu mana. Watan farko na yi ta juyi a ƙarƙashin fanka ina jin ƙarar injin kamfani yana sanyaya ɗakin da na kwana a ciki shekara ashirin da biyar.

A cikin wannan hali, Asma'u, kika gama karatu kika dawo. Ba wanda ya gaya miki komai a waya, don kada hankalinki ya rabu a jarrabawar ƙarshe. Aka ɗauko ki daga filin jirgi, mota ta wuce babban get ta tsaya a ƙaramar ƙofa. Na ga fuskarki lokacin da kika shigo kika ganni a kan tabarma a gindin mangwaro. Kafin magariba gwaggonki Laure ta riga ta yi miki bayani irin nata. Kika zo kika durƙusa a gabana da jajayen idanu.

"Baba, ku yafe mini. Da na san abin da karatuna zai jawo ke nan, wallahi da na dawo tun a shekara ta biyu."

Mahaifiyarki tana bakin ƙofa tana kallona, tana jira. Kalma huɗu kawai ake bukata, in ce ba ke ba ce. Sai na dafa kanki na ce, "Ba komai, Allah ya yi miki albarka." Na zaɓi wannan amsa da sanina. Mutumin da karatun 'yarsa ya karya shi abin girmamawa ne a gari, wanda raguna da gas suka karya shi kuwa abin dariya ne. Na bar ki da kayan don in tsira da mutuncina. Na ga yadda kika ƙi yarda a yi miki kayan ɗaki masu tsada da aurenki, na ga yadda tun albashinki na farko kike turo mana fiye da ƙarfinki, kina cewa na cefane ne. Na san abin da kike biya, kuma na karɓa.

Ban da wannan ƙaya guda, ku sani ban taɓa jin daɗin zama kamar na shekarun nan ba. Ɗaki biyu ne da ɗan falo, in na yi tari mahaifiyarku tana ji daga kicin, ta ce in sha ruwa. A babban gida sai mu wuni ba mu haɗu ba sai a waya. Yanzu tare muke karyawa, tare muke faɗa a kan gishiri, ita ke riƙe da kuɗin cefane, ni kuma an bar mini sayen goro da sauraron labarai. 'Yan farantan hasken rana da Khalifa ya kafa mana sun ishe mu fanka da firji. Kuɗin haya yana shigowa, ba wanda ke bina ko kwabo, in wayata ta yi ƙara gabana ba ya faɗuwa. Da azumi muna dafa kunu da ƙosai daidai ƙarfinmu mu miƙa wa masu gadin layin, kuma na fi samun natsuwa da wannan fiye da buhunan da. In mangwaro ya nuna jikoki suna cika tsakar gidan, ma'aikatan kamfani suna leƙowa ta katanga suna roƙon Hajiya, ita kuma tana ba su tana tuna musu cewa an rubuta a takarda. Saboda haka Abba, maganar da kake ta kawowa ta a sallami 'yan haya mu koma ciki, na gode, Allah ya yi albarka, amma ka bar ta. Gidan naku ne, yana nan, in mun tafi ku yi yadda kuka ga dama da shi.

Takardun nan suna cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, da jan zagaye biyu na mahaifiyarku a jiki. Duk mai shakka a dangi a nuna masa, a fara da Laure. Asma'u, layi biyu ne naki a cikin shafukan nan duka, kuma su kaɗai ne kuɗin da na kashe a shekarar da ban taɓa yin da-na-sani a kansu ba. Ba ke ba ce.

Na san rubutu bai isa ba. Na biya na'ura hakkinta tun tuni, wannan da ya rage bashi ne mai fuska, irin na Kwari, kuma Alhaji Mamman bai koya mini aika yaro da takarda ba. Na tambayi mijinki ya ce ranar Asabar ba ki da aiki a asibiti. Zan zo da hantsi, da ƙafata. Kada ki wahalar da kanki da girki, tabarma kawai za ki shimfiɗa mini.